Yadda Malamin Jami'a Zai Shirya Tafiyar Karatu Zuwa Ƙasar Waje da Ɗaliban Injiniya

Tun da na dawo da ɗalibaina daga Gana, abokan aiki daga tsangayoyin injiniya daban-daban suke bugo mini waya da tambaya iri ɗaya: "Malam, ta ina ka fara, kuma nawa ta ci?" Na maimaita amsar har na gaji, shi ya sa na rubuta ta sau ɗaya. Irin tafiyar da nake nufi ita ce ta mako biyu, ɗalibai 12 zuwa 16, malamai biyu, kuma da maki a ƙarshenta. Ka ba kanka wata 12 daga ranar da ka fara zuwa ranar tashi. Wanda ya ce zai haɗa ta cikin wata huɗu, takardun jami'a kaɗai za su cinye masa uku.

1. Rubuta tambayar kafin ka zaɓi ƙasa

Yawancinmu da ƙasa muke farawa: "Ina so in kai yara Jamus." To su yo me? Ɗauki takarda ka rubuta tambaya ɗaya ta injiniya wadda ɗalibi zai dawo da amsarta a rubuce. Tawa ita ce: yaya Gana take tafiyar da madatsun ruwanta na lantarki, kuma me ya bambanta su da Kainji, Jebba da Shiroro? A ƙarƙashinta ka jera abubuwa uku ko huɗu da ɗalibi zai iya yi da hannunsa ko da lissafinsa bayan ya dawo, misali ya ƙiyasta wutar da injin zai bayar daga tsayin zubar ruwa da yawan gudunsa, ya gwada da abin da ya gani a allon ɗakin sarrafawa.

Wannan takarda ɗaya ita ce za ka riƙa nunawa a kowane ofis. Hukumar COREN, mai kula da harkar injiniya a Najeriya, yanzu sakamakon koyo take dubawa idan ta zo tantance kwasa-kwasai, don haka shugaban tsangaya zai fi sauraronka idan ya ga tafiyar za ta shiga fayil ɗin tantancewa.

*Hattara:* idan za a iya amsa tambayarka a Shiroro ko a Tiga, babu dalilin fasfo. Kwamiti zai faɗa maka haka, kuma da gaskiyarsa.

2. Zaɓi ƙasar da aljihun iyaye zai kai

Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da maƙwabta. Ɗan Najeriya yana shiga Gana ba biza, ya zauna har kwana 90, a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS. Daga Legas zuwa Accra kusan awa ɗaya ne a jirgi. Turanci ake yi a aji da masana'anta, soket ɗinsu irin namu ne, kuma abin gani ya ishi mako biyu har ya yi saura. Akwai madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, mai injina shida da ƙarfin megawat 1,020, kimanin kilomita 100 daga Accra. Ƙasa da ita a kan kogin Volta akwai Kpong mai megawat 160. Akwai tashar jiragen ruwa ta Tema, da jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST a Kumasi, da Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera wadda duk wanda ya san Panteka ta Kaduna zai ji kamar ya zo gidan yayanta. Ga kuma bututun iskar gas mai tsawon kilomita 678 da ya taso daga Najeriya ya bi gaɓar Benin da Togo zuwa Takoradi, wanda ke nuna wa ɗalibi cewa wutar ƙasashen nan a ɗaure take da juna.

Idan hasken rana ne darasinka, tashar Noor da ke Ouarzazate a Maroko, mai kimanin megawat 580, da ta Benban kusa da Aswan a Masar su ne manyan wurare, sai dai tikitin ya fi tsada kuma maganar biza ta shigo. Turai kuwa sai da tallafi. Hukumar DAAD ta Jamus, mai kula da musayar ɗalibai da malaman jami'a, ta daɗe tana da shirin tallafa wa rukunin ɗalibai da bai wuce 15 ba, tare da malaminsu, su yi ziyarar kwana 7 zuwa 12 a jami'o'in ƙasar. Duba shafinsu tun da wuri, domin a kan rufe karɓar takardu watanni kafin tafiya, kuma sai da takardun gayyata daga jami'o'in can.

*Hattara:* Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Idan hanyarka ta bi ta cikinsu, tabbatar da ƙa'idar shiga a ofishin jakadancinsu a makon da za ka sayi tikiti.

3. Ɗaura tafiyar a jikin kwas, ka nemo mata gurbi a kalanda

Tafiyar da ba ta da maki yawon buɗe ido ce, haka ɗalibai za su ɗauke ta, haka ma ma'ajin jami'a. Hanyoyi biyu ne. Mai sauƙin ita ce ka ɗauki kwas ɗin da kake koyarwa, ka mai da tafiyar ta zama aikin fili a cikinsa, ta ɗauki wani kaso na makin gwajin zango. Mai wahalar ita ce ƙirƙiro sabon kwas na zaɓi mai yunit 2. Manhajar CCMAS, wato ma'aunin kwasa-kwasai na hukumar jami'o'i ta ƙasa (NUC), ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da kanta, a nan sabon kwas zai samu wurin zama, amma sai ya bi ta sashe, tsangaya, kwamitin manhaja da majalisar jami'a. A shekarar farko ka bi mai sauƙin.

Sai lokaci. Karatun injiniya shekara biyar ne kuma a cushe yake. 'Yan aji biyu suna da SWEP, wato horon aikin hannu, a dogon hutu, 'yan aji huɗu suna tafiya SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, na wata shida a zango na biyu, 'yan aji biyar suna fama da firojet. Gurbin da na ga ya fi dacewa shi ne tsakanin kammala SIWES da komawa aji biyar. A lokacin ɗalibi ya riga ya saka takalmin kariya ya tsaya kusa da inji, ya san abin da zai tambaya, kuma yana neman maudu'in firojet. Ɗan aji biyu hoto kawai zai ɗauko.

*Hattara:* kalandar jami'o'in gwamnati ba ta da tabbas. Yajin aikin 2022 wata takwas ya ɗauka. Kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin majalisar jami'a ta fitar da kalandar shekarar. Duba kuma watan azumi da ranakun salla. Hawa da sauka a matakalar madatsa cikin zafin rana da azumi a baki ba ƙaramin aiki ba ne.

4. Samo mai masauki, ka buɗe ƙofofi da takarda

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Kana buƙatar malami ɗaya a jami'ar can wanda zai amsa wayarka. Ba sai farfesa ba. Matashin malami mai neman abokin bincike ya fi amfani. Ka same shi ta wurin taron ƙwararru, ko tsohon abokin digiri na uku, ko ka karanta takardarsa ka rubuta masa. Ka faɗa masa abin da shi zai samu: lakca daga wurinka ga ɗalibansa, takardar bincike tare, gayyata ya kawo nasa ɗaliban wurinka. Ka roƙe shi abu uku: aji na kwana biyu ko uku, ɗalibansa da za a cakuɗa da naka a rukuni, da ɗakunan kwanan ɗalibai idan suna hutu, domin sun fi otal araha nesa ba kusa ba.

Madatsa da masana'anta kuwa takarda suke ji. Wasiƙa a kan takardar jami'a mai tambari, da sa hannun shugaban tsangaya, zuwa ga shugaban hukumar, wata shida kafin lokaci. Akosombo da Kpong, alal misali, suna hannun hukumar kogin Volta. A cikin wasiƙar ka sa rana da wata ranar ta biyu, yawan mutane, abin da kuke son gani takamaimai, da roƙon a haɗa ku da injiniya mai aiki a wurin. Wannan na ƙarshen kada ka manta shi. Idan ba ka roƙa ba, ɗan rakiyar baƙi za a ba ku, ya zagaya da ku saman madatsa ya nuna muku tafki, ku fito ba ku ga injin ko ɗaya ba.

Ni na taɓa dogara da alkawarin baki. Wani aboki da ke aiki a wata masana'anta ya ce mini kawai mu zo. Muka isa da bas cike da yara ƙarfe tara na safe, ashe an tura shi wani gari a makon. Mai gadi ya duba littafinsa, ya ce babu sunanmu. Muka yi awa biyu a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin ƙofa, yara suna sayen ruwan leda, ni ina ta buga lambar da ba ta shiga, daga ƙarshe muka juya. Tun daga ranar ba na saka wuri a jadawali sai ina riƙe da amsa a rubuce mai ɗauke da suna da lambar wanda zai tarbe mu.

Idan da hali, ka je kai kaɗai na kwana uku, wata biyar kafin tafiya. Ka kwana a ɗakin da yara za su kwana, ka buɗe famfon, ka auna tafiyar Accra zuwa Kumasi da agogo (kilomita kusan 250 ce, amma cunkoso yana iya cinye rabin yini), ka gano asibiti mafi kusa da kowane masauki.

5. Izinin jami'a

Bi tsani daki-daki: taron sashe, shugaban tsangaya, shugaban harkokin ɗalibai, ofishin hulɗa da ƙasashen waje idan akwai, sannan shugaban jami'a. Fayil ɗaya, a ciki takardar mataki na 1, wasiƙun amincewa daga can, jadawali, kasafi, da shafi ɗaya na abin da za a yi idan ɗalibi ya yi rashin lafiya ko ya ɓata. Ka riƙe kwafin kowane shafi da aka sa wa hannu, kuma ka bi fayil ɗin da ƙafarka.

*Hattara:* kada ka sanar da ɗalibai kafin amincewa ta fito a rubuce. Da zarar ka furta, iyaye sun ji, wani ya sayar da rago.

6. Kasafin kuɗi

Raba shi gida biyu. Akwai kuɗin kowane kai: tikiti, kwana, abinci, inshora, kuɗin shiga wurare. Akwai kuɗin da ba ya raguwa ko mutum nawa ne: hayar bas da direba, ladan malaman can, da duk kuɗin malamai biyu masu rakiya idan jami'a ba ta ɗauke ba. Kowane layi ka nemo farashi daga wuri uku, a rubuce.

Ga misalin lissafi, adadin na misali ne kawai. A ce mutum ɗaya zai ci naira 800,000. Ku 18 ne da malamai, ya kama 14,400,000. Idan ɗalibai 16 ne za su ɗauka, kowa 900,000. Ƙara kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, ya zama 1,035,000. Wannan shi ne adadin da za ka faɗa, ba 800,000 ba. Sannan ka sake lissafin da ɗalibai 12, domin wasu za su janye, ka san adadin da idan an gaza shi tafiyar ta mutu.

Kason ko-ta-kwana saboda canji ne. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023 lokacin da dala take kusan naira 460 a hukumance, ya wayi gari a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Don haka ka rubuta kasafinka da kuɗin ƙasar da za ka, sidi ko yuro, ka riƙa juya shi zuwa naira kowane wata, kuma duk abin da za a iya biya da wuri a biya shi da zarar kalanda ta tabbata.

Tafiya ta mota daga Legas ta fi araha, amma iyaka uku ce: Seme, Hillacondji, Aflao. Da mutum 18 kowace iyaka tana iya cin awanni, ga tafiyar Arewa zuwa Legas kafin nan. Idan jirgi ne, yawancin kamfanoni suna da farashin rukuni daga mutum 10, kuma sukan bari a ba da sunaye daga baya. Tambayi wannan sharaɗin a rubuta maka shi.

Don rage wa iyaye nauyi, ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffin ɗaliban sashe, reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE na jiharka, da kamfanonin da ke karɓar ɗalibanku SIWES. Kada ka roƙi "tallafi" haka kawai. Ka ce a ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya, ko kuɗin bas. An fi saurin biyan abin da yake da suna.

*Hattara:* kobo ɗaya kada ya shiga asusunka. A jami'o'in tarayya ta Remita ake biya; ka je wurin ma'aji a buɗe wa tafiyar layinta, ka kuma tambaye shi kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗi ya fito, don fitar da shi ya fi shigar da shi wuya. A biya kashi uku, kuma a rubuta tun farko ranar da bayanta ba a mayar da kuɗi.

7. Zaɓen ɗalibai da zama da iyaye

Rubuta ma'auni ka manna a allo: matakin aji, mafi ƙarancin maki, da rubutun shafi ɗaya kan abin da ɗalibi yake so ya bincika. Kwamitin mutum uku ya zaɓa, kada ka zaɓa kai kaɗai, domin saƙon "yaron wane ne" zai zo. Ware kujera biyu ko uku ga masu ƙoƙarin da ba su da hali, a biya musu daga tallafi. In ba haka ba tafiyar za ta zama ta 'ya'yan masu kuɗi, kuma ajin zai sani.

Idan akwai ɗalibai mata, malami na biyu ya zama malama. Wannan shi ne abin da ke sa uba ya sa hannu. Kira taron iyaye, ko ta waya ce, ka yi bayani da Hausa: inda za a kwana, wanda ke kula da ɓangaren mata, lambar da za a kira da dare. Wani dattijo ya tambaye ni, "Malam, a ina 'yata za ta yi salla, me kuma za ta ci?" Na ce masa Baba, a Nima ta Accra da zangon Kumasi da Hausa za ta sayi koko da ƙosai, kuma babban masallacin ƙasa yana Kanda, gab da Nima. Ya ce a miƙo masa biro.

8. Takardu

Fasfo ne farko, wata shida kafin tashi. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne a cikin gida, kuma sai da lambar NIN. Matsalar da ta fi yawa ita ce suna ko ranar haihuwa a NIN ya saɓa da na takardun makaranta. Gyaran yana ɗaukar makonni, don haka ka karɓi kwafin NIN na kowa tun ranar da aka zaɓe shi. Mai tsohon fasfo ya tabbatar da sauran wata shida a kansa bayan ranar dawowa.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Ana rajista ta intanet, a biya, a je ofishin lafiya na tashar jirgi a yi allura. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, don haka kai su tare rana ɗaya, wata guda kafin tafiya. Inshorar lafiya ta rukuni dole ce ko ƙasar ba ta nema ba, kuma ta ƙunshi dawo da mara lafiya gida.

Idan Turai ce, bizar Schengen, wadda ake shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ce ga babba, inshorar ta kai yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Nemi ranar ganawa da zarar gayyata ta iso.

*Hattara:* sunan da ke kan tikiti ya zama harafi da harafi irin na fasfo. Muhammad, Mohammed da Muhammed mutum uku ne a wurin kamfanin jirgi. Ka kwafa daga fasfo da idonka.

9. Makonni shida na ƙarshe

Zama huɗu kafin tashi. Biyu na darasi: kowane rukuni na mutum huɗu ya karanta wuri ɗaya ya shirya tambayoyi goma. Ɗaya na ziyarar gida, Shiroro ko Tiga ko Panteka, don su samu abin gwadawa. Na huɗun na ƙa'idoji, kowa ya sa hannu: ba fita shi kaɗai, lokacin komawa masauki, da hukuncin wanda ya karya.

Kowane ɗalibi ya zo da takalmin kariya, hular kwano, riga mai ƙyalli da littafin rubutu mai kauri. Ka duba su da kanka kwana uku kafin tashi, domin wanda ya zo da silifas a bakin ƙofa zai tsaya. Masu dogon hijabi ko babbar riga su tanadi shigar da ba ta da lilo don ranar shiga wurin injina masu juyawa. Malamar rakiya ta yi wannan maganar da mata tun a gida. A jakarka kai kuma: kwafin fasfo na kowa, akwatin magani, jerin masu asma ko sikila ko ciwon suga, da layin waya na can ga kowane shugaban rukuni.

10. A can

Wuri ɗaya a yini ya isa. Safe ziyara, la'asar aji ko aikin rukuni da ɗaliban can, bayan isha'i zaman minti 30: me ka gani, me ka auna, me ba ka gane ba. Ka sa hannu a littafin kowa a daren, in ka bari sai an dawo za su kwafi na juna. Bar rana ɗaya a tsakiya babu komai, don ziyarar da aka ɗage ta samu wurin faɗawa. Ƙirga kai duk shiga mota da duk fita. Ka tuna agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, wani zai tashe ku da wuri a ranar farko.

Kada darasin ya tsaya a kan injina kaɗai. A Satumba da Oktoban 2023 an saki ruwa daga Akosombo da Kpong saboda tafkin ya cika, ruwan ya mamaye garuruwa irin su Mepe. Sa ɗalibai su tambayi yadda ake yanke shawarar buɗe ƙofar madatsa, sannan su tuna da abin da mutanen gaɓar Binuwai ke gani idan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Zaman wannan daren ya fi kowanne zafi a tafiyarmu.

*Hattara:* tambaya kafin ɗaukar hoto a ɗakin sarrafawa ko tashar jiragen ruwa. Waya ɗaya da aka ɗaga ba izini tana iya rufe wa 'yan baɗi ƙofa.

11. Bayan dawowa

Rahoton rukuni cikin mako uku, kafin abin ya huce, sannan gabatarwa a gaban sashe, a gayyaci masu tallafi da 'yan aji uku. Raba maki kamar yadda ka sanar tun farko, misali littafin fili 30, rahoto 40, gabatarwa 30. Miƙa wa ma'aji rasidai cikin wata guda, ragowar kuɗin ko-ta-kwana a mayar wa iyaye ta hanyar da suka biya. Aika wasiƙar godiya da kwafin rahoto ga injiniyan da ya zagaya da ku, da sunansa a jiki, kuma a ƙarshen wasiƙar ka nemi ranar shekara mai zuwa.